Taron da Na Sa Baba Jira

Har yau idan na ga samari sun duƙufa kan waya suna ƙirga kwanakin da suka rage wani kamfanin ƙasar waje ya yi taronsa na shekara, wai za a fito da sabon inji, sai in ji raina ya ɓaci. Ba abin da suka yi mini, bayin Allah. Ni na riga su yin wannan wauta tun zamanin da ake bin layi a gidan waya, kuma tawa ta ci abin da ba ya dawowa.

A farkon shekarun casa'in ni ne mai kwamfuta a ofishin ilimi a nan Kontagora. Guda ɗaya ce tak, mai koren rubutu, an ware mata ɗaki da fanka, ana lulluɓe ta da zane idan an tashi aiki. An tura ni kwas na 'yan watanni a Kaduna, na dawo ina rubuta ƙananan furogiram, abin da yanzu ake ce wa manhaja, irin wanda zai jera maka sunayen malamai da makarantun da aka tura su. Iyakar abin da na iya ke nan, amma kaina ya kumbura har hula ba ta shiga. Masu tafireta idan za su shigo ɗakin sai su cire takalmi, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Labarin duniyar kwamfuta kuwa a kasuwa nake samunsa, wurin wani dattijo mutumin Bangi da ke sayar wa masu tsire da masu ƙosai tsofaffin takardu. Dila-dila ake kawo masa su daga Ikko a motar kaya: jaridu, littattafan da suka yi kwantai, da mujallun Turawa waɗanda aka yage wa bango. Ya san ni, duk wadda ya ga hoton inji a ciki sai ya tura mini ita ƙarƙashin tabarmarsa. Ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, hoto yake bi. Akwai ranar da ya ajiye mini ta firji da injin wanki, yana murna ya samo mini babba.

Wata rana ya miƙo mini wata mai kauri, ba bango, ba shafin farko, a ƙasan kowane shafi sunan wata ne kawai da lamba. Janairu aka rubuta, mu kuma muna cikin Maris, sai na ce a raina ai wannan da ɗuminta ta iso. A tsakiyarta akwai dogon rubutu a kan wani babban kamfani na Amurka da ke tara masu rubuta furogiram duk watan Mayu ya nuna musu abin da zai fitar. Marubucin ya jera abubuwan da ake sa rai a taro mai zuwa: inji mai sauri, sabon tsarin tafiyar da shi, da wani allo mai alƙalami wanda za ka ɗora masa tsohuwar takarda ya ɗauke ta, ya karanta rubutun hannu, har ya iya rubutun da ke farawa daga dama. Na karanta shafin nan har ya yi laushi kamar tsumma. Na haddace shi yadda ban taɓa haddace karatun allo ba.

To, ga abin da ya haɗa wannan da gidanmu. Baba malami ne ɗan malamai, gidanmu na cikin tsofaffin gidajen garin. A ɗakinsa akwai wata gafaka, jakar fata ta littattafai, rataye kusa da rufi. Al'adar gidan ita ce ba a buɗe ta sai ranar kwafa: uba ya karanta, babban ɗa ya rubuta da hannunsa, don takarda ba ta wuce rayuwar mutum ɗaya. Kakana ya rasu farat ɗaya Baba na saurayi, ba su samu sun yi nasu zaman ba. Abin da ya bar masa kawai wasiyya ce, kada ya kwance igiyar sai ɗansa na zaune gabansa da alƙalami. Baba kuwa mutum ne da idan an ce masa tsaya nan, ko gini zai faɗo masa ba zai gusa ba. Shekara hamsin da ɗoriya yana kallon gafakar nan bai taɓa ta ba, kuma har yau idan na tuna wannan taurin kai nasa ina jin haushinsa, Allah ya jiƙan shi.

A cikin takardun akwai salsalar gida da addu'o'i, amma ba su ne damuwar Baba ba. Mahaifiyar kakana ba 'yar gari ba ce. An kawo ta tana yarinya a zamanin yaƙe-yaƙe, daga can wajen Dukku ko Tungan Magajiya, ba wanda ya tabbatar, don abu ne da ba a so a tayar a gidajen da ke ji da asali. Kafin ta rasu ta zaunar da ɗanta ta faɗa masa sunan ƙauyensu, da na ubanta, da na 'yan'uwanta maza, da dutsen da ke bayan gidansu, shi kuma ya rubuta ya ƙara a gafaka. Baba ya taɓa ji ana karantawa sau ɗaya yana yaro, kafin a ɗaure gafakar, bai riƙe ba. Burinsa a tsufansa shi ne ya karanta shafin nan, a sa shi a mota, ya je ya gaida dangin kakarsa ya ce musu 'yarsu ba ta ɓata ba, ta haihu, ga jikokinta.

Rubutun kakana kuma ba kowa ke karanta shi ba. Ƙanana ne, a cunkushe, yana haɗe kalmomi yadda ya ga dama. Baba a hannunsa ya koyi karatu, yakan ce shi ba karanta rubutun yake ba, gane shi yake, kamar yadda ake gane tafiyar mutum daga nesa. Sai ga shi idon Baba ya fara tafiya. Ni da kaina na kai shi asibitin ido, kuma a gabana likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, ciwo ne mai danne ido daga ciki, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai zai yi. Da kunnena na ji wannan. Ina faɗa ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Kwana kaɗan bayan na samu mujallar, Baba ya aika a kira ni zaure bayan la'asar. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba, "kai" yake ce mini ko "wannan." Ya ce lokaci ya yi, in nemi takarda mai kyau, in feƙe alƙalami, a dama tawada, ranar Juma'a mai zuwa mu fara. Ni kuwa sai na gyara zama na fara yi masa wa'azin inji. Na ce ya ɗan ƙara haƙuri zuwa Mayu, Turawa za su yi taro, za su fito da allon da zai ɗauke takardun gaba ɗaya, a adana su a faifai inda gara ba ta ci, ruwa ba ya taɓawa. Na ce ofis zai sayo, don ni ake tambaya abin da za a saya. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi ko Mayu kafin damina ne ko bayanta. Na ce bakin damina ne. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce hannuna. Tun da na shiga boko na saki alƙalamin kara, ajamina ya koma kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Karatun ma sai ina haɗa baƙi da baƙi kamar ɗan shekara bakwai. Ni da ake cire wa takalmi a ofis, in zauna gaban Baba yana faɗa ina ɓarna, yana gyara mini, 'yan'uwa na leƙe? Kunyar wannan ce ta sa na rungumi mujallar nan, na ɓuya a bayan kamfanin da ko ƙofarsa ban sani ba.

Mayu ya kama. Na sa rediyo mai gajeren zango a kan teburin ofis, duk shirin kimiyya da tashoshin waje ke yi da rana sai na kasa kunne, eriya na ɗaure da waya har taga. An yi maganar sauro, an yi ta taurari, ba a ce uffan kan allo mai alƙalami ba. Na ce ai su 'yan rediyo ba su san abin da ke da muhimmanci ba. Na bi layi a gidan waya don in kira wani da muka yi kwas tare, na yini, da aka haɗa mu ba na jin komai sai shuuu. Duk ranar kasuwa ina wurin dattijon takardu, ina birkita masa dila, mata tsirara-tsirara da hotunan motoci kawai ke fitowa. A ofis kuwa na cika wa kowa kunne. Na zana allon a takarda na manna a bango, na hana a gyara tsohuwar firinta, na ce me za a yi da ita, sabon zamani na hanya. Jiran gawon shanu, amma ni a lokacin gani nake ni kaɗai ne mai hangen nesa a duk lardin.

Matata ce kaɗai ta taɓa faɗa mini gaskiya. Ita ke ɗiga wa Baba magani da safe, ta ce ta lura yanzu idan ta miƙa masa kofi sai ya lalubi gefensa kafin ya kama. Ta ce in bar zancen inji in je in zauna da shi, ko rubutun nawa ya yi muni ai karantuwa zai yi. Na hau ta da faɗa, na ce me ta sani a harkar kwamfuta. Ta ci gaba da tankaɗe.

A tsakiyar damina Baba ya sake kirana. Ana yayyafi, zaure ya yi duhu-duhu ko da yake rana ba ta faɗi ba, yana zaune kan buzunsa dab da ƙofa inda haske ya fi.

"Kai," ya ce, "haske na raguwa mini. Kamar ana jawo labule daga gefe da gefe. Ka zo da biro ɗinka da littafin makaranta, ka rubuta da bokon. Na yafe alƙalamin."

Wanda bai san Baba ba ba zai gane girman wannan magana ba. Mutumin da ya ƙi sa hannu da biro a takardar haihuwarmu, shi ne yau yake cewa a kwafi gafakar ubansa da boko a littafin 'yan firamare. Ya sauko har ƙasa, ya kawar mini da duk abin da nake jin kunya. Da na ce to a ranar, da mun gama cikin sati. Amma na riga na cika baki a gida da ofis, na ga idan na ɗauko biro yanzu kamar na yarda injin nawa tatsuniya ne. Sai na ce, "Baba, sati biyu kawai. Labarin na hanya." Wallahi duk lokacin da na tuna bakina ne ya furta wannan, ji nake kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Sati biyu ya zama wata biyu. Bai ƙara yi mini maganar ba.

Da aka fara yankan gero, firintar da na hana a gyara ta mutu murus, ofis ya tura ni Kaduna da ita. Na tafi da mujallar a jaka. A shagon gyaran akwai wani injiniya da ke zuwa ƙasashen waje sayo kaya, na jira ya gama da mutane, na buɗe masa shafin cikin isa, na tambaye shi me aka ce a taron Mayu, allon ya fito? Ya karɓa, ya juya ta, ya nemi bango bai gani ba. Ya buɗe can baya wajen tallace-tallace, ya sa yatsa a kan wani inji, sai ya fashe da dariya har yana riƙe tebur. Ya ce wannan injin da ake talla a matsayin sabo, irinsa ne ga shi can a ƙasa suna cire wa kayan gyara. Mujallar ta bara waccan ce. Taron da nake jira an yi shi shekara biyu da suka wuce, an yi wani bayansa, an kuma yi na bana.

Na tambayi allon fa. Ya ce e, shugaban kamfanin ya ɗaga wani abu mai kama da haka a kan dandamali, an yi tafi, an ce baɗi zai shiga kasuwa, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ya ce ko da ya fito, rubutun Bature mai kyau ma da ƙyar yake ganewa, balle ajamin tsohon malami. Ya ce haka suke yi kowace shekara, a nuna goma a fitar da uku. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin farashin tumatir, ya koma kan aikinsa.

Daga Kaduna har Tegina, a motar komawa gida, zagi kawai nake yi a raina. Wane irin mutane ne waɗannan, da za su tara jama'a su ɗaga abin da ba su gama ƙerawa ba, su sha tafi, su koma gida su yi barci? A kasuwarmu idan maƙeri ya nuna maka garma ya ce gobe ka zo, ka zo ba garma, gari zai ji, kunya za ta hana shi fita. Su kuwa romon baka ne sana'arsu, har mujalla ake bugawa don a yi hasashen wane romo za a zuba bana. Na zagi marubucin da ya jera abubuwan kamar ya gani da idonsa. Na zagi wanda ya ƙirƙiro yage bangon mujalla, na zagi wanda ya ga dama ya buga wata a ƙasan shafi ya bar shekara. Kowa na zaga a hanyar nan, ban da mutum ɗaya.

Washegari da safe na wuce kasuwa kai tsaye, na jefa wa dattijon takardu mujallar a kan tabarma, na ɗaga murya har masu ƙosai suka juyo. Na ce ya cuce ni, ya ba ni tsohon labari a matsayin sabo. Borin kunya ne kawai, na sani, shi ma ya sani. Ya ɗauke ta ya kaɗe, ya dube ni.

"Malam, ni takardar naɗe tsire nake sayarwa," ya ce. "Tsire bai taɓa tambayata shekara ba."

Ya ɗora ta kan tarin da zai yanka wa masu ƙosai. Ban karɓa ba.

Ranar ban koma ofis ba. Na sayi littafi mai layi da biro biyu, bayan la'asar na yi sallama a zaure na ce Baba na zo mu fara. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka sauko da gafakar, ya yi bisimilla, ya kwance igiyar da yatsunsa, fatar ta bushe har tana ƙara. Takardun sun yi ja, tawada ta ci wasu wurare ta huda, danshin shekaru ya haɗe layi da layi. Ya ɗauki ta farko ya kawo kusa da fuska, ya nisantar, ya karkata kai kamar mai leƙen rami. Ya ce in matsar da buzun bakin ƙofa. Na matsar. Ya ce mu fita waje cikin rana. Muka fita, na riƙe masa hannu, ya tsaya tsakiyar fili da takardar ubansa a tafinsa, hawaye na zubo masa saboda hasken, yana juya ta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce mu koma ciki.

Da muka zauna ya shiga ƙirga takardun da yatsa daga baya, don ya tuna ƙarin da ubansa ya yi a ƙarshe yake. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini, ya ce nan ne, in duba daga tsakiya zuwa ƙasa, in faɗi abin da na gani. Na duba. Na ga baƙaƙe, na gane ɗaya nan ɗaya can, ban iya haɗa kalma ko guda ba. Na ce masa ban iya ba. Wannan ita ce maganar da na yi wata bakwai ina gudun faɗa, kuma da na faɗe ta ko gezau bai yi ba.

Aka kira maƙwabcinmu, malami ne da ake kai wa tsofaffin takardu daga ko'ina. Ya zo da tabarau da gilashin ƙara girma, ya zauna har rana ta kusa faɗuwa. Ya karanta bisimilla, ya karanta salati, ya tsinci "mahaifiyata ta ce" a layi na uku. Daga nan ya yi ta gwada sunaye, ya faɗi wannan ya janye, ya faɗi wancan ya ce a'a. A ƙarshe ya cire tabarau ya ce shi ba zai ɗora wa mamaci abin da bai tabbatar ba, wannan hannu sai wanda ya tashi a cikinsa. Ya yi addu'a, ya nemi takalminsa ya fita.

Muka rage mu biyu, littafina a buɗe kan gwiwa, ba ko ɗigo a ciki. Baba ya tattara takardun yana daidaita gefensu da tafin hannu. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sanda, ko ya ce in tashi in ba shi wuri, da na samu sauƙi. Sai ya tambaye ni, cikin muryar da yake tambayar ko an yi ruwa a gona, ko an yi taron. Na ce an yi, tun bara waccan, kuma ba su fito da komai ba. Ya jinjina kai.

"Su mutanen taron," ya ce, "sun san muna jiransu?"

Na ce, "A'a, Baba. Ba su san da mu ba."

Ya laluba ya kamo igiyar, ya fara naɗe gafakar.

"To ai su ba su da laifi," ya ce.